Ranar da Kunya Ta Wuce da Ni Tasha Uku

Ku da kuke biye da labarin nan tun farko, na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce da ita ce Arvid da tuni ta goge lambata. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Sabbin shiga kuma, sunana Ylva, shekarata ashirin da shida, ni ce auta a gidan da ke kiwon shanun madara a wani ƙauye can arewa, bayan garin Strömsund. Arvid kuwa mai gyaran injin jiragen ruwa ne, ɗan tsibirin Styrsö da ke gaban birnin Göteborg. Bara muka haɗu a bikin ƙawata. Sau huɗu yana wuni a mota don ya zo ya gan ni. Ni kuma sau biyu ina sayen tikitin zuwa wurinsa, sau biyu ina fasawa.

Na farko, saniya ce haihuwa ta zo mata da gardama, wannan ba laifin kowa ba ne. Na biyu kuwa, ana gobe tafiya Mama ta dafe ƙirji a kicin, ciwon kuma ya warke sarai da na fasa. Mamata ba ta faɗa, ba ta hanawa. "Yi yadda kika ga dama," kawai za ta ce, ta sauke ajiyar zuciya, ta dubi Baba da bayansa ya fara ranƙwafawa, ta dubi garke ta taga. Yayana yana Norway, sai Kirsimeti ake ganinsa. To, wa ya rage?

Ran Litinin saƙon Arvid ya shigo, ina tsakiyar wanke bokitan 'yan maruƙa.

"Ylva, ba zan yi miki faɗa ba, ban iya ba. Ran Juma'a in na tashi aiki zan hau jirgin fito na ƙarfe uku da minti biyar daga tashar Saltholmen, kamar kullum. Mamata za ta dafa kofi. In jirgin ya kai ni gida babu ke, na gane, ba zan ƙara damun ki ba. Kada ki turo saƙo ranar, ba zan buɗe ba. Na riga na san abin da saƙonki yake cewa."

Na karanta ya fi sau goma, sannan na zauna a kan bokiti na yi kuka mai isata. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, yau tura ta kai shi bango, kuma ni na kai shi.

Ga shi makon farauta ne, makon da a ƙauyenmu ko bikin aure ba a sawa. Baba ya ji zancen, ya ce "To," ya ci gaba da goge bindigarsa. Na shiga haɗa kaya. Sai da na zo rufe jaka na tarar Mama ta cusa mini ƙunshin busasshen naman daji da burodin nan mai faɗi da take gasawa da kanta, ta naɗe su a sabon tawul mai jan baki.

"Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana," ta ce, tana kallon bango. "Amma garin nan zai haɗiye ki tun ba ki yi awa guda ba. Ni dai na faɗa."

A jirgin ƙasa na kwana, na canja wani a Stockholm, ƙarfe ɗaya da rabi na rana na sauka a Göteborg. Ina da lokaci har da ragi. Na shige banɗakin tasha na tuɓe kayan tafiya, na sa koriyar rigata ta ulu mai dogon hannu, wadda Arvid ya taɓa cewa ta yi mini kyau. Na tufke gashi, na kwance, na sake tufkewa. Na sa 'yan kunnen kakata na azurfa, na ɗora rigar ruwa ruwan ɗorawa a kai, takalmin cikin gida kuma yana jaka. Tikitin cikin gari ma tuni na saya a waya, har ina jin kaina wata wayayyiya. Kwatancen da Arvid ya turo tun tafiyar farko yana nan: "Ki fito ta babbar ƙofa, ki hau tarago mai lamba 11, ki zauna har inda ya ƙare. Ba yadda za a yi ki ɓata."

Na fito, iska da yayyafi suka mare ni a fuska. Shuɗayen taragai, irin jiragen ƙasan cikin gari, suna ta shawagi a tsakiyar titi, wannan na ƙararrawa, wancan na ƙararrawa, mutane na gilmawa ta gabansu ko a jikinsu. Can na hango 11, ƙofofinsa a buɗe. Na ruga na faɗa ciki.

Kafin ku yi mini dariya, ku tsaya ku ji. A ƙauyenmu bas ɗaya ce, sau biyu take zuwa a yini, kuma in ta tsaya a gefenmu gari za ta. Direbanta ya san sunan karenmu. Ban taɓa hawa abin da za a ce sai an duba inda ya dosa ba. Shi kuma Arvid da aka haifa a nan, bai kawo a ransa cewa akwai mai buƙatar a gaya mata 11 kai biyu gare shi ba.

Na samu kujeru biyu babu kowa, na shige ta taga, na ɗora jaka a ƙafa. Kafin a rufe ƙofa taragon ya cika. Wani ƙato mai rigar aikin gini ya duba ko'ina, ya ga ba sauran wuri, ya zauna kusa da ni yana kau da kai kamar mai neman gafara. Ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, ya rufe ido. Kafin mu bar unguwar tashar barci ya kwashe shi.

Muka yi tafiya mai tsawo ba tsayawa, muka tsaya, muka sake tashi. Ina ta zuba ido in ga teku, sai gadoji da dogayen gine-ginen jan bulo. Na buɗe taswirar waya. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda nake yana ta gudu, teku kuma tana bayansa. Na ɗaga kai na karanta allon sama: Bergsjön. Ashe ɗaya ƙarshen layin ya dosa, ba Saltholmen ba. Ƙarfe biyu da minti bakwai.

Abin yi a fili yake, in sauka a tasha ta gaba in juya. Amma tsakanina da ƙofa akwai gwiwoyin mutumin nan, kuma ni 'yar ƙasar nan ce gaba da baya. Ba a yi wa baƙo magana a mota. Akwai yadda ake yi, kowa ya sani. Na sa wayata a aljihu da ɗan ƙarfi. Na ja zif ɗin rigata har wuya. Na gyara jaka a cinya, na sa ta yi ƙara. A ƙa'ida a nan ne na kusa da kai zai miƙe ba tare da kun haɗa ido ba. Mutumina ko gezau.

Taragon ya tsaya, ƙofa ta buɗe, ta rufe. Ta taga na ga wani 11 ɗin a ɗaya layin, an rubuta Saltholmen ɓaro-ɓaro a goshinsa, ya wuce ni yana ƙararrawa.

Na yi gyaran murya. Na ɗan ɗaga daga kujera, na tsaya a rabi kamar mai ciwon baya. Na sake motsa jaka har burodin Mama ya karye a ciki, ina jin ƙararsa. Tasha ta biyu ta wuce. Bakina ya buɗe, maganar tana kan harshe, amma sai na tuna ƙila tun asuba yake aiki, wace ni da zan tashe shi? Haka na wuce ta uku, hawaye na zubo mini, ina riƙe da jaka a ƙirji. Ni da nake juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa da hannu ɗaya, na kasa cewa "gafara dai".

"Ke 'yar nan, sauka za ki yi ko rawa kike koyo?"

Wata mata ce a kujerar da ke fuskantarmu. Za ta yi shekara sittin, gajera, kakkaura, da ɗan kwali mai furanni a wuya da takalmin ma'aikatan jinya. Ashe tun ɗazu take kallona.

"Sauka," na ce, da ƙyar muryar ta fita. "Na yi kuskuren hanya."

Ta yi tsaki, ta ɗauki lemarta ta ƙwanƙwasa gwiwar mutumin kamar mai buga ƙofa.

"Kai, bawan Allah, tashi. Ka tsare 'yar mutane tun tashar Gamlestaden."

Ya zabura, ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. "Yi haƙuri, yi haƙuri. Ai da kin yi magana."

"Ita? Ai gara ta mutu," in ji matar. Ta kama hannun rigata ta ja ni ƙofa. "Shekara talatin ina ƙasar nan, har yau ban gane ku ba. Gida na cin wuta, ku tsaya kuna motsa jaka."

Muka sauka tare. Ta tsallaka da ni ɗaya gefen, ta nuna mini allon da ke ƙirga mintuna: bakwai. Sunanta Mirsada, daga Bosniya ta zo lokacin yaƙi, a gidan kula da tsofaffi take aiki, tun shida na safe take tsaye. Duk wannan ta gaya mini kafin in gama share hanci. Sannan ta ce, "To, wane ne?"

"Wa?"

"Da 'yan kunnen nan da kukan nan, ai ba wurin likitan haƙori za ki ba."

Ban san yadda aka yi ba, ni da ko ƙawata ban gaya wa rabin zancen ba, na kwashe komai na zuba mata. Har saƙon na nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da ido ta karanta, ta girgiza kai.

"Wannan ma irinku ne. Zuciya na ƙuna, yana rubutu kamar takardar ofis." Ta duba agogo. "Daga nan minti arba'in da biyar ne. In ya zo biyu da ashirin, kin isa uku da biyar daidai."

"In hau tasi?"

"Ran Juma'a, a garin da aka tone rabinsa? Sai dai ki isa gobe."

Na rubuta wa Arvid: "Ina Göteborg. Na yi kuskuren tarago. Ina zuwa." Saƙon ya tafi, ya zauna a rufe kamar yadda ya alkawarta. Na kira, ba a ɗaga ba.

Taragon ya zo. Na juya zan yi mata godiya, sai na ga ta riga ni shiga.

"Ba gida za ki ba?"

"Gidana saura tasha huɗu. Amma in na bar ki, wani zai sake zama kusa da ke, ki ƙare a Denmark." Ta tura ni kujerar bakin hanya, ita ta shige ta taga, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafarta da ta kumbura. Na kalli ƙafar nan. Matar da ba ta san ni ba minti goma da suka wuce.

Muka sake bi ta gaban tashar jirgin ƙasa, muka ratsa tsakiyar gari. Kowace tasha sai an tsaya, sai mai keken jariri ta shiga, sai tsoho ya lallaɓa ya sauka. Ina ta duba agogo har Mirsada ta dafe mini hannu. Wayata ta yi ƙara, na zaro da sauri, ashe Mama ce.

"Babanki bai ci abincin rana ba. Kare ma ya ƙi ci. Ba komai, kada ki damu da mu."

Irin wannan ne ya sa na fasa tafiya ta biyu. Mirsada ta leƙo ba ko neman izini, ta karanta, ta fashe da dariya har mutane suka waiwayo.

"Namiji da kare, ba wanda yunwa ta taɓa kashewa a gaban firij."

"Wancan karon ƙirjinta ne."

Dariyar ta tsaya. Ta kalli taga, sannan ta ce, "Ni ma na yi ciwon ƙirjin nan. Lokacin da 'yata za ta koma Malmö. Har motar asibiti na sa aka kira, Allah ya yafe mini."

"Ta fasa?"

"Ta tafi abinta. Wata uku ban yi mata magana ba. Yanzu kullum da yamma sai ta kira, jikokina biyu. Da ta zauna, da yau tana gabana tana tsanata a ɓoye." Ta nuna wayar da haɓa. "Ba mugunta ba ce, 'yata, tsoro ne. Rubuta mata kin iso lafiya. Kada ki ba da haƙuri, ba ki yi laifi ba."

Na rubuta: "Na iso lafiya, Mama. Burodin ya zo da ni. Zan kira da yamma." Na goge "ki yi haƙuri" sau biyu kafin in tura.

Bayan tashar Järntorget mutane suka fara raguwa. Gidaje suka koma na katako, masu lambu, sannan duwatsu da ƙananan kwale-kwale a jere, sai ga teku toka-toka a gefe. Uku saura biyu. Uku daidai. Uku da biyu. Mirsada ta mayar da takalminta, ta karɓe jakata.

"Da an buɗe ki miƙe gaba, kada ki waiwaye ni. Zan taho da kayan."

Ƙarfe uku da biyar ƙofa ta buɗe. Na yi gudun da rabona da shi tun makaranta, rigar ruwa na kaɗawa, gashin da na ɓata lokaci a kansa ya warware. Na wuce wurin ajiye kekuna, na wuce kantin kofi, na ratsa rumfar jira. Ina fitowa bakin ruwa na ga farin jirgin ya riga ya ja baya, tsakaninsa da gaɓa ruwa ya kai tsawon ɗaki biyu. Ya juya hancinsa a hankali ya kama hanya.

Na tsaya ina haki. Ina ganin mutane ta tagoginsa, ina neman kan da na sani, ban gani ba. Da na yi magana tun tashar farko, da yanzu ina ciki. Ba Mama ba ce ta hana ni wannan karon, ba saniya ba ce. Ni ce. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen katako, ban damu da rigar ba.

"Ylva."

Na waiwaya. Yana tsaye a bakin rumfar jira, cikin shuɗiyar rigar aikinsa mai tabon baƙin mai a gwiwar hannu, jakar abincinsa a hannu. Ashe na wuce ta gabansa a guje ban gan shi ba.

"Jirginka ya tafi," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ku ji fa.

"Na gani."

"Ka karanta saƙona?"

"A'a." Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kunnuwansa sun yi ja. "Na shiga layi, har na taka gadar. Sai na tuna abin da na rubuta. Na ce in ya kai ni gida babu ke, shi ke nan." Ya ɗago. "To, bai kai ni ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci fuskata a ƙirjinsa, warin man inji da gishirin teku sun cika mini hanci, ina kuka ina dariya. Na tambaye shi jirgi nawa ya yi niyyar bari ya wuce. Ya ce bai ƙirga ba, amma ya taho da abincin dare.

"Wannan ne?"

Mirsada ce ta iso tana ɗingishi, jakata a kafaɗa. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai kwatance? 'Ki hau 11.' Wane 11? Ka tura 'yar mutane Bergsjön."

"Laifina ne," in ji Arvid.

"Ya iya amsa laifi. Riƙe shi." Ta dire mini jakar, ta gyara mini wuyan riga kamar mai shirya yarinya makaranta. Na riƙe hannunta da hannu biyu, na ce ta zo mu tafi tare a sha kofi, na ce ta ba ni lambarta, na zaro naman Mama zan raba biyu. Duk ta ƙi.

"Wannan na surukarki ne, kada ki taɓa. Ni miya na bari a firij, kuma ƙafata ta gama aikinta na yau." Ta juya ta nufi taragon da zai mayar da ita kusan awa guda baya. Ta yi 'yan taku, ta waiwayo. "Baki na magana ne, 'yata. Ba a biyan haraji a kansa."

Mirsada mai aiki a gidan tsofaffi, in akwai wanda ya san ta a cikinku, ya gaya mata na gode. Ko sunan mahaifinta ban sani ba, amma in dai ina numfashi ba zan manta ƙafar nan da ta kumbura ba.

Muka zauna a bencin rumfar muna jiran jirgi na gaba, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Can wajen uku da rabi wayarsa ta fara ruri. Ya zaro, ya duba. A fuskar wayar an rubuta "Mama".

"Tana bakin ruwa," ya ce. "Tun safe take gasa biskit kala bakwai. Ta ga jirgi ya sauke kowa, babu ni, babu ke. Tunda aka haife ni ban taɓa makara a teburinta ba."

"Me ka gaya mata a kaina?"

"Komai. Har da sau biyun."

Wayar ta ci gaba da ruri a tafin hannunsa. Yana shirin ɗagawa na miƙa hannu na karɓe. Na danna na kai kunne.

"Barka da yamma," na ce. "Ylva ce. Ni ce na sa shi makara."

Ina jin kukan tsuntsayen teku ta cikin wayar. Sannan wata murya mai kauri, wadda ba ta gaggawa, ta ce, "Ashe dai akwai ki."